Yadda Za Ka Yi Wa Bangon Ɗakin Kwananka Fenti Ya Fito Sumul A Legas

Bangon ɗakin kwana shi ne bangon da mutum ya fi ƙura wa ido a gidansa, domin shi yake gani idan ya kwanta, shi kuma yake fara gani idan ya farka, sannan hasken kwan lantarki da ke faɗa masa ta gefe da dare yana tona duk wani tudu da rami da sawun buroshi da rana ta rufa wa asiri. Mutane da yawa daga cikinmu mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 sukan ɗauka cewa tsadar fenti ce ke kawo santsi, sai su sayi mai tsada su shafa a kan bango mai kaushi, su kuma yi mamakin yadda kaushin ya ƙara fitowa. Fenti idan ya bushe kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba, saboda haka siffar abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka. Mafi yawan aikin yana ƙarewa ne tun kafin a buɗe bokitin fenti, kuma wanda zai yi da kansa ya ware kwana biyar zuwa bakwai, galibinsu na jiran bushewa.

Idan gidan haya kake zaune, ka nemi izinin mai gida ko wakilinsa tukuna, musamman idan za ka canza launi. Bayan haka sai zaɓen lokaci, wanda a Legas ba ƙaramin al'amari ba ne. Wanda ya saba da Kano ko Sakkwato, inda ake shafa fenti da hantsi ya bushe kafin azahar, zai ga bambanci a nan, domin iskar garin cike take da laima kusan duk shekara. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris ne lokaci mafi dacewa. Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, su ne mafi muni, sai dai idan dole ta sa, kuma ɗan tsagaitawar ruwa da akan samu a Agusta ta fi su dama. A Disamba da Janairu hazo kan iso har nan, bushewa ta yi sauri, amma sai ka kula da ƙurar da ke shigowa ta taga ta manne a ɗanyen fenti.

Matakin farko shi ne binciken danshi, kuma ina roƙon mai karatu kada ya tsallake shi. Ka yanko leda mai faɗin kamar kamu biyu, ka manna ta a bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya a bangon da ke jingine da banɗaki ko wanda ruwan sama ke duka daga waje. Bayan awa 24 ka ɓamɓare. Idan ka ga gumi a cikin ledar ta ɓangaren bango, ko wurin ya yi duhu, to akwai ruwa a jikin bangon. Sauran alamun su ne farin gari mai kama da gishiri da ke fitowa, da fentin da ya kumbura, da baƙin tabo a lungu ko bayan kabad. A unguwannin da ke kan fadama ko kusa da ruwa, danshi kan taso daga ƙasa ya hau bango har kusan mita ɗaya. Dole a gano inda ruwan yake fitowa, ko fasasshen famfo ne, ko rufi mai yoyo, ko tsaga ta waje, a gyara, a bar bangon ya bushe. Na taɓa yin gaggawa a wani ɗaki da na zauna, na rufe danshi da sikiridin (shafen da ke sa bango santsi) da fenti, ba a yi wata uku ba aikin ya tashi kamar ɓawon rogo, kuɗi da wahala duk suka tafi a banza. Idan kuwa sabon gini ne, a bar filastar siminti ta yi aƙalla kwana 28, a damina ma fiye da haka.

Kayan aikin ana samunsu a shagunan kayan gini na unguwa, ko a kasuwar Odunade da ke Coker a Orile ga mai son zaɓi da yawa. Kana bukatar sikirefa ta kankare bango, da faffaɗan farantin ƙarfe na shafa sikiridin wanda bakinsa yake miƙe ba lanƙwasa, da sanfefa mai lamba 80 da 120 da 180 da 220, da ɗan katako mai shafaffen ciki da za ka naɗe sanfefar a kai. Sai buroshi mai inci 2 ko 2 da rabi mai laushin gashi, da rola mai inci 9, da tirenta, da sandar da ake ɗaura mata. Maganar rola tana da muhimmanci: ka nemi mai gajeren gashi, milimita 5 zuwa 10. Mai dogon gashi da aka fi tallatawa ta bango mai kaushi ce, kuma ita ke barin fuskar fenti kamar ɓawon lemo. Kada ka manta da salatif na takarda, da ledar shimfiɗa, da tsani, da tocila mai ƙarfi, da fensir, da takunkumin hana shaƙar ƙura, da tabarau.

Ka fitar da abin da zai fitu, sauran ka tara a tsakiyar ɗaki ka lulluɓe. Katifa da labule da tufafi kam a fitar da su gaba ɗaya, domin ƙurar sanfefa tana shiga ko'ina. Kafin ka kwance murfin soket da makunnin fitila, ka kashe wutar ɗakin daga babban akwatin gidan, kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita hannunka yana kan waya.

Daga nan sai kankara. Ka bi bangon da sikirefa ka cire duk fentin da ya saki, kana ƙwanƙwasa filastar da ƙotar sikirefar. Inda ka ji amo kamar na ganga, filastar ta rabu da bulo, sai a fasa wurin a sake cikewa da siminti da yashi mai laushi. Ka goga tafin hannunka a bango: idan ya fito da fari kamar alli, tsohon fentin ya mutu, ko kuma farar ƙasa ce, dole a goge shi sosai. Don sanin irin fentin da ke kai, ka jiƙa auduga da sifirit ka goga. Idan launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne, idan bai biyo ba, na mai ne, kuma sai an kashe sheƙinsa kafin wani abu ya kama shi. A nan akwai gargaɗi. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, yana iya ƙunsar dalma, kuma mu 'yan Arewa ba mu manta da yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Irin wannan fentin kada a goge shi a bushe. A jiƙa shi, a yi amfani da sanfefar ruwa, a kuma nisantar da yara da mata masu juna biyu daga ɗakin har a gama shara.

Inda akwai funfuna, ka gauraya ruwan bilic irin su Hypo ko Jik kashi 1 da ruwa kashi 3, ka shafa, ka bar shi kamar minti 20, ka ɗauraye, taga a buɗe, hannunka cikin safar roba. Kada ka haɗa shi da wani sinadarin wanke banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Farin gishirin bango kuwa a bushe ake goge shi da buroshi mai tauri, ruwa narkar da shi yake yi ya koma ciki. Sauran bangon a wanke da ruwan omo kaɗan, musamman wajen kan gado inda man gashi da zufa suke taruwa, domin fenti ba ya kama maiƙo.

Ƙananan tsagogi ka faɗaɗa bakinsu kaɗan da kusurwar sikirefa, ka share ƙurar ciki, ka ɗan jiƙa, ka cusa abin cikewa. Tsagar da ta isa ka zura bakin makulli, ko wadda ta bi ta karkace daga kusurwar taga tana ƙaruwa, ta fi ƙarfin fenti, a kira magini ko injiniya ya duba.

Yanzu muka zo kan zuciyar aikin, wato sikiridin, shafe mai laushi da ake yi a kan filasta don cike ramukan yashi. Masu fenti a Legas sukan haɗa garin POP (farin garin nan da ake yin silin da shi) da fentin sikiridin da farin gam irin Top Bond, wasu kuma farin siminti suke sawa a madadin POP. Ga wanda bai taɓa yi ba, na fi ba shi shawarar ya sayi wanda kamfani ya riga ya haɗa, na gari ko na bokiti, domin yana ba mutum lokacin gyara hannunsa. POP kan fara daskarewa cikin 'yan mintoci, kuma ba ya shiri da danshi ko kaɗan, don haka bangon da ke jingine da banɗaki ya fi son haɗin farin siminti. Idan ka zaɓi POP, ka dama kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da za ka shafe cikin minti goma. Ana barbaɗa gari ne a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari, a juya har gudaji su mutu, kaurinsa ya zama kamar na kindirmo mai kyau, wanda zai zauna a kan faranti bai zube ba. Wanda ya fara tauri a zubar da shi, ƙara masa ruwa ba ya dawo da ƙarfinsa. A kuma wanke bokitin tsakanin damu da damu, domin busasshen ɓarɓashi ɗaya ya isa ya ja layi a bango daga sama har ƙasa.

Ka ɗebi kaɗan a bakin faranti, ka kwantar da shi a bango a ɗan karkace, ka ja da ƙarfi iri ɗaya. Manufar shafe na farko ita ce cike ramuka, saboda haka kada kaurinsa ya wuce milimita 1 zuwa 2, kuma ba laifi idan ana hango filastar ta ƙarƙashinsa. Kuskuren sabon hannu shi ne yawan komawa kan wurin da ya fara kamewa don ya gyara ɗan layi. Yin haka yana yage shafen. Ka bar layin, sanfefa za ta ɗauke shi. Idan ya bushe sarai, wanda a Legas ya fi kyau a ba shi kwana guda, ka bi da bakin sikirefa ka sare tudun da suka fito, sannan ka yi shafe na biyu, siriri fiye da na farko, kana jan hannu ta gicciye: idan na farko daga ƙasa zuwa sama ka ja, na biyu ka ja daga hagu zuwa dama. Wannan gicciyewar ce ke cike kwarin da hannu ya bari. Bango mai kaushi ƙwarai yakan nemi na uku. Shafe uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin yana tsagewa wajen bushewa.

Gugar sanfefa ita ce aiki mafi gajiyarwa, ita ce kuma ke raba aikin ƙwarai da na jeka-na-yi-ka. Ka sa takunkumi da tabarau, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma mai laima. Lamba 80 ta tsohuwar filasta ce kawai, kada ta taɓa sikiridin. Ka fara da 120 a inda akwai tudu, ka bi dukkan bangon da 180, ka ƙare da 220. Kullum sanfefar ta kasance a naɗe a kan katako, domin yatsu suna bin kwari su ƙara masa zurfi, katako kuwa kan tudu kaɗai yake ci. Ka riƙa kewayawa da hannu a hankali, ba tare da dannawa ba.

Ga dabarar da na fi amfana da ita. Ka rufe taga, ko ka jira bayan magariba, ka kashe fitila, ka kwantar da tocila a jikin bango yadda haskenta zai bi fuskarsa a kwance. Ko ramin da bai kai ƙwayar gero ba, sai ya yi inuwa. Ka kewaye kowanne da fensir, ba da biro ko maka ba, domin tawadarsu tana ratsa fenti ta fito. Ka cike, ka jira, ka goge, ka sake haskawa daga wani ɓangaren. Ka kuma riƙa shafa bangon da tafin hannu ido a rufe, domin hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Idan ka gamsu, ka share ƙurar da tsintsiya mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ka bi da tsumman da aka matse sosai, ka goge daɓen ɗakin ma, ka bar ƙurar da ke yawo ta kwanta kafin ka ci gaba.

Sikiridin yana shan ruwa kamar busasshiyar ƙasa, kuma idan aka ɗora masa fenti kai tsaye sai wani wuri ya sha da yawa wani kaɗan, launin ya fito dabbare-dabbare. Maganin wannan shi ne firaima, wato shafen share fage da ake yi kafin fenti, kuma a kan sabon siminti a nemi wadda aka rubuta tana jure kaifin siminti. Idan ba ta samu ba, a kan sikiridin ana iya tsinka fentin ruwa marar sheƙi, fenti kashi 7 ruwa kashi 3, a yi shafen share fage da shi. Bayan ya bushe ka sake haskawa da tocila, domin wasu ramukan sai yanzu za su bayyana, sannan ka bi da lamba 220 sama-sama.

Game da fentin kansa, ka tuna cewa sheƙi yana tona aibi. Marar sheƙi ya fi rufa wa bango asiri, ya kuma fi kwantar da ido a ɗakin barci. Mai ɗan sheƙi kamar siliki ya fi wankuwa, ya dace da ɗakin yara, amma sai bangon ya gyaru ƙwarai. Kamfanoni irin su Berger Paints da CAP mai yin Dulux a nan Ikeja suke, kuma saye daga dillalin da aka sani ya fi tsaro, domin jabu yana yawo a kasuwa. Lissafin yawa ba wuya: ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, mai tsayin kusan mita 3, bangonsa ya kai kimanin murabba'in mita 40 bayan an cire ƙofa da taga. Fenti mai kyau lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafe ɗaya, ke nan shafe biyu zai ci kamar lita 8, wato galan biyu masu lita 4. Ka ƙara kaɗan saboda gyara. Ka juye su duka a bokiti ɗaya ka gauraya, domin galan da galan kan ɗan saɓa a launi, sannan ka tace ta cikin tsohon gidan sauro ko siririn mayafi. Ruwan da za ka ƙara kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin galan, galibi kashi 1 cikin 10. Al'adar tsinka fenti don ya yalwata ita ke jawo zirara da rashin rufewa.

Sabuwar rola a naɗe ta da salatif a warware don ya kwashe gashin da ya saki, a jiƙa ta, a matse. Ka kashe fanka. Idan za ka yi silin, da shi za ka fara. A bango kuwa, ɗaya bayan ɗaya ake yi: ka bi gefen silin da lunguna da kewayen soket da buroshi, faɗin kamar yatsu huɗu, ka kama rola nan take tun gefen bai bushe ba, in ba haka ba zai fito kamar firam kewaye da bangon. Ka tsoma rola ka murza ta a tire har fenti ya game ta ba ya ɗiga. Ka fara daga ɓangaren taga, ka ɗauki faɗin kamar mita ɗaya, ka baza fentin sama da ƙasa, sannan ba tare da ƙara fenti ba ka sauko da rola daga silin har ƙasa a ja ɗaya mai sauƙi, ka ɗaga, ka koma sama, kowane ja yana hawa kan kusan sulusin na baya. Wannan ja na ƙarshe, duk ta fuska ɗaya, shi ke kwantar da fenti ya zama bai ɗaya. Kada ka danna rola don ka matso ragowar abin da ke cikinta, dannawa ce ke barin layi biyu a gefunanta. Idan ta fara ƙara kamar ana yage takarda, ta bushe, ka ƙara fenti. Kada kuma ka tsaya a tsakiyar bango. Idan lokacin salla ya gabato, ka kai lungu tukuna, ka naɗe rola da buroshi a leda kafin ka tafi.

Shafe na farko ba ya yin kyau, kada hakan ya dame ka har ka koma kana taɓa shi. A jikin galan akan rubuta awa 2 zuwa 4 tsakanin shafe da shafe, amma a laimar Legas na fi son a bar shi ya kwana. Bayan awa ɗaya da gamawa ana iya buɗe taga kaɗan a kunna fanka a hankali, ba tana fuskantar bango ba. Washegari ka bi bangon da lamba 220 ko 240 kamar mai share ƙura, don cire ɗan ɓarɓashi da gashin da ya maƙale, ka sare duk ɗigon da ya daskare, ka goge da tsumma, sannan ka yi shafe na biyu daidai yadda ka yi na farko. Launi mai duhu, ko fari a kan tsohon launi mai ƙarfi, yakan nemi na uku.

Salatif a cire shi tun fentin bai gama tauri ba, ana ja a hankali a karkace; idan ya riga ya bushe, a bi gefensa da reza tukuna. Ka bar ɗakin ya sha iska kwana biyu kafin a kwana a ciki, musamman idan akwai jariri ko mai asma. Fentin ruwa yana bushewa a hannu cikin awoyi, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan mako biyu zuwa huɗu, don haka kada a wanke bangon ko a jingina masa kaya kafin nan. Idan za a mayar da gado da kabad, a bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsu da bango don iska ta riƙa ratsawa, domin a wannan matsatsin ne funfuna take fara kama ɗakunan Legas. Ragowar fentin a juye shi a ƙaramar roba mai murfi, a rubuta sunan launin da lambarsa a jiki, a ajiye inda rana ba ta duka, saboda ranar da wani wuri zai ƙuje.